Littafin da muka karanta a ɓoye

A farkon shekarun 1990, muna cikin jihar Sakkwato tun ba a ƙirƙiro Zamfara ba, ɗan sakandare a Ƙaura Namoda bai cika sayen littafin Hausa ba. Haya muke yi. Littattafan daga Kano suke zuwa ta Gusau a cikin kwali, kuma wanda ya fi wuyar samu shi ne In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991. Sai ka yi kamun layi. Kafin ya iso hannunka bango ya yage, wani ya ɗinke shi da zare. Yayata kan ba 'yan kasuwar Alhamis ta Shinkafi nata su kai wa ƙawarta, daga can ya zarce Zurmi, in ya dawo an gode Allah.

Manya ba su so. Malami ya kama ka da shi a aji, ka yi asara, ga bulala. A jami'a kuma aka laƙaba wa irin waɗannan littattafai suna Adabin Kasuwar Kano. Ba mu san cewa marubucin In Da So Da Ƙauna, wanda aka haifa a 1964, bai yi boko yana yaro ba. Sai da ya girma ya shiga makarantar dare ta manya. Shi ya buga littafinsa, shi ya nema masa kasuwa, shi da abokansa na ƙungiyar Raina Kama.

Girmamawa ta zo, amma ta yi nawa. Wasan kwaikwayonsa Malam Zalimu ya ci gasar tunawa da Injiniya Bashir Ƙaraye a 2009, sannan a 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya ba shi lambar girmamawa ta ƙasa ta MON. Na yi murna ƙwarai, domin ya cancanta tun tuni. Na san matan aure a unguwarmu da aka cire daga firamare, waɗanda son sanin yadda Sumayya da Muhammad na In Da So Da Ƙauna za su ƙare ya sa suka zauna suna haɗa baƙi da wasali har karatu ya zauna musu.

Yau rashin tsaro ya raba yara da yawa da aji a Zurmi da Shinkafi. Ina roƙon masu hali da hukumomin ilimi na Zamfara su sayi littattafan Hausa irin waɗannan, su kai su makarantu da gidajen da yaran nan suke zaune.