Ziyarar Figil: Ƙasar Gyaɗa, Yaro Na Shan Tsururun Koko

A babban hutun makaranta da ya wuce, cikin watan Agusta, Allah ya nufe mu da zuwa Figil barkar haihuwa a gidan wani ɗan'uwa. Mun tashi daga Garwa da hantsi, muka wuce gindin duwatsun Tingilin, muka ratsa Pitowa mai kasuwar Lahadi. Tafiyar kimanin kilomita 90 ce a kan babbar hanyar Marwa. Duk inda muka waiga kore ne shar: ga dawa, ga masara, ga auduga, gyaɗa kuwa ta rufe ƙasa. Baƙon da bai san ƙasar ba sai ya rantse ba a san yunwa a nan ba.

Figil na cikin yankin Mayo-Luti, wanda hedkwatarsa ke Gidar, kuma nan kusa ne ake rabuwa da hanyar Lere ta ƙasar Cadi. Tun daga nesa za ka hango masana'antar siminti ta Cimencam, wadda ke aiki tun shekarun 1970, ga kuma ta Rocaglia mai ƙona farar ƙasa. Farin dutsen da garin ya yi suna da shi ya kai har Bizar, inda mutanen da suka bar zane-zane a kan duwatsu. Ƙabilar Gidar su ne 'yan ƙasa, akwai Fulani da Mundang, akwai kuma namu Hausawa da fatauci da fawa da ɗinki suka zaunar. A kasuwa Fillanci ake ciniki da shi, sai an koma zaure Hausa ke fitowa.

To, abin da ya sa muka ɗauki alƙalami ya faru ne washegarin suna. Muna zaune a zaure sai ga wani saurayi, ma'aikacin lafiya na unguwa, yana bi gida-gida da ƙwayoyin rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Tun shekarar 2016 ake wannan aiki a lardin Arewa da na Arewa Mai Nisa: wata-wata cikin damina ana ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 magani na kwana uku, na farko a gaban ma'aikaci, sauran biyu uwa ce za ta ba da. Yana kuma ɗauke da wani ɗan zare mai launi uku da ake auna damtsen yaro. Idan ya faɗa kore, lafiya lau. Rawaya, a yi hattara. Ja kuwa, watau ƙasa da santimita 11 da rabi, tamowa ce mai tsanani.

Aka fito da yaran gidan da na maƙwabta. Can sai wata yarinya ta zo goye da ƙanenta, ɗan shekara ɗaya da rabi, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ba ya kuka ba ya wasa. Da aka ɗaura masa zaren, sai ya faɗa ja. Aka kira uwar, ta tsaya daga bayan labule. Ashe da ta ga ta samu ciki, rana ɗaya aka yaye shi aka kai shi wajen kakarsa, tun daga nan kuma abincinsa koko ne tsururu, sai ɗan tuwo in ya karɓa. Zawo ya kama shi sau biyu. Mahaifinsa, bawan Allah mai ƙoƙari, ya noma gyaɗa bara, amma ya sayar da ita tun da kaka don biyan bashin taki da kuɗin makaranta. Yanzu da rumbu ya yi ƙasa, tiyar da ya sayar da arha ta fi ƙarfin aljihunsa.

Yaron nan ba shi kaɗai ba ne. Babban binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 na yaran Kamaru 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a lardinmu na Arewa kuwa kashi 41 ne. Mu da muke tsayawa gaban allo mun san su: su ne ke shigowa aji ɗaya da jiki kamar na ɗan shekara huɗu, a maimaita musu abu sau biyar bai zauna ba. Mun sha ɗora laifin a kan lalaci, Allah ya gafarta mana, alhali ɓarnar ta auku tun suna goye.

Ma'aikacin ya rubuta takarda a kai yaron asibiti, inda ake ba masu tamowa wani abinci na cikin 'yar leda mai suna Plumpy'Nut. Ko kun san mene ne a ciki? Markaɗaɗɗiyar gyaɗa ce, da garin madara, da mai, da sukari, da sinadaran gina jiki. A Faransa aka ƙirƙiro shi a 1996, ya kuma yi suna a Maraɗi lokacin yunwar Nijar ta 2005, inda ya ceci dubban yara. Ba mu raina shi ba, magani ne, kuma yaron da ya kai ja ba kunun gida ke tashinsa ba. Amma abin ya tsaya mana a rai, a ce gyaɗa ta fita daga gonar uba a buhu, sai ɗansa ya kusa kabari sannan ta dawo masa a leda.

Gaskiya hukuma ta yi tanadi. Tun 2011 maganin zazzaɓi marar tsanani kyauta ne ga yaro ƙasa da shekara 5, aka ƙara da mai tsanani a 2014. A 2011 ɗin aka tilasta sa bitamin A a man girki na kamfani, da sinadarin ƙarin jini a fulawa. A 2015 aka kawo takardar nan ta masu ciki, "chèque santé", ta jaka 6 na Sefa, mai ɗauke da awo da haihuwa har da tiyata, da kula da jariri zuwa kwana 42. A Janairun 2024 kuma Kamaru ta zama ƙasa ta farko da ta sa allurar rigakafin zazzaɓi cikin alluran yara na yau da kullum. Sai dai mai ƙauye man gyaɗar da aka matsa a gida take girki da shi, dawa take ci ba fulawa ba, cikin Agusta kuma rafi kan cika ya raba ta da asibiti. Bugu da ƙari, da yawan wannan aiki da kuɗin waje ake yin sa, kuma mun ga yadda ya girgiza a 2025 da Amurka ta rage tallafinta. Ya kamata kuɗin ma'aikatan unguwa su fito daga aljihun gwamnati da na magajin gari, garin da ke da masana'anta biyu bai kamata ya rasa wannan ba. Rumbun tsimi na unguwa ma, a saya da kaka a sayar wa iyaye da sauƙi da damina, bai fi ƙarfin ƙungiyoyinmu ba.

Saura namu na cikin gida, kuma a nan da 'yan'uwa maza muke. Matanmu su ne gwanayen ƙuli-ƙuli da kunun gyaɗa, amma na talla ne, yaron gida koko yake sha. Cokali biyu na tunkuza ko garin wake a cikin kokon nan, da ɗan garin zogale ko kuka, da mai kaɗan, ba su kai kuɗin goron yini ba. A daina zubar da dakashi, shi ne rigakafin farko. A bar jariri da nono zalla wata 6, ko ruwa kada a ba shi. Ciki ba ya ɓata nono, a yi yaye sannu a hankali. Kuma maigida ya bar izini a gida tun kafin ya fita, kada uwa ta zauna da yaro yana zawo tana jiran ya dawo daga Lere.

Mun faɗa wa mahaifin yaron haka bayan la'asar, ya yi shiru yana kallon ƙasa. Washegari muna jiran mota a bakin hanya, motocin siminti na tayar mana da ƙura, sai ga shi a kan babur ya nufi asibiti, uwar na bayansa da yaron a goye. Kafin mota ta cika muka bar wa ɗan'uwanmu kuɗin tiya biyu ta gyaɗa, muka ce a kai ma kakar, a gaya mata ta kunu ce ba ta talla ba.