Kafin ki biya kuɗin firintin, buɗe PDF ɗin ki duba

'Yar'uwa, yanzu kusan kowace takarda ta yaro sai an ce ki mayar da ita PDF: takardar haihuwa, sakamakon jarrabawa, fom ɗin makaranta, har sakamakon gwajin jini. Amfaninsa shi ne takarda ta fito iri ɗaya a kowace waya da kowace kwamfuta. Sai dai idan ta lalace wajen juyawar, haka za ta isa ko'ina a lalace.

Wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne haruffanmu masu lanƙwasa. Kin rubuta Ɗanjuma ko Ƙasimu daidai, a fuskar waya ya fito tsaf, amma a PDF sai ki ga ɗan akwati ko alamar tambaya a gurbin harafin farko. Salon rubutun da aka zaɓa, wato fon, shi ne ba shi da ƙ, ɗ da ɓ. Lokacin da kike rubutu manhajar tana aro su daga wani fon ba tare da kin sani ba, wajen juyawa kuma aron yakan faɗi. Wasu shagunan har yanzu suna aiki da tsohon fon na Hausa irin Rabi'at, wanda ya ɗora haruffan a kan maɓallan baka. Shi ya sa kike ganin }asa a maimakon ƙasa idan takardar ta je kwamfutar da ba ta da shi. Ki ce a zaɓi rubutun gaba ɗaya a mayar da shi Noto Sans ko Charis SIL, sannan a sake juyawa. Idan da Rabi'at aka buga, sai an bi haruffan ɗaya bayan ɗaya an gyara.

A fom na hukuma kuwa, kada ki yi wa suna kwalliya. Rubuta shi yadda yake a NIN ɗin yaron, ko da babu lanƙwasa. Tun 2021 JAMB ba ta yin rajista sai da NIN, kuma bambancin harafi ɗaya ya isa ya sa ku zirga-zirga.

A wurin aiki nakan karɓi sakamakon gwaji da gefen damansa ya yanke, kuma a can lambobin suke. Uwa ta biya kuɗin mota, ta bi layi tun safe da yaro a goye, likita kuma ba zai rubuta magani a kan rabin takarda ba. Yawanci girman shafi ne: an saita Letter irin na Amurka, mu kuma A4 muke amfani da ita. A zaɓi A4, a danna "Fit to page".

Idan shafin intanet ya ƙi karɓar takarda don ta yi nauyi, ki sake ɗaukar ta da sikana ta Google Drive a baƙi da fari, nauyin zai ragu sosai. Wajen turawa ta WhatsApp ki zaɓi "Document", domin hoto yana rage masa kyau har ƙananan rubutu su dushe.

Wadda ta nemi lambar sirri, kamar bayanan asusun banki, ki buɗe ta da kanki a wayarki. Kuma bayan mai shago ya gama firintin, ki tsaya ya goge takardun yaronki daga kwamfutarsa a gabanki, har da kwandon shara.