Sallar da muka yi a Sabo

Da yawa daga cikinku kun tare mu bayan saukowa daga Idi kuna tambaya, "Malam, bana ba a je gida ba ne?" Wasu mun ce musu hanya ce, wasu mun ce kasuwa. Duk akwai gaskiya a ciki, amma ba su ne ainihin dalilin ba. Tunda masu wannan mujalla sun matsa mana mu rubuta wani abu, bari mu faɗi yadda aka yi, ko da yake magana ce da Bahaushe ba ya son yin ta a bainar jama'a. Mai ɗakinmu ta ba da izini, da sharaɗin kada a ambaci sunanta.

Mu a nan Sabon Ibadan aka yanke mana cibiya. Mahaifinmu goro ne ya kawo shi, mu ma goron muka gada. Unguwar nan tun 1916 take, ta girmi iyayenmu, amma har yau in ɗan Sabo ya ce "gida" kowa ya san Arewa yake nufi. Bayan rasuwar uwargidanmu, Allah ya jiƙan ta, 'yan uwa suka haɗa mu da wata daga wani ƙauye a yammacin Kano. Shekara biyar ke nan. Sau biyu Allah yana ba ta rabo yana karɓar abinsa tun bai wuce wata uku ba. Don haka da aka tabbatar mana a asibitin Adeoyo cewa tana da juna biyu a ƙarshen 2024, ko murnar ba mu iya yi da ƙarfi ba. Sai da laulayi ya lafa, kwaɗayi ya tsaya a kan agwaluma, muka ga kanmu muna zagaya kasuwar Bodija da leda muna danna 'ya'yan itace kamar wanda ya san kansu, sannan muka fara yarda cewa wannan karon akwai alamar zama.

Kuskurenmu na farko a azumi muka yi shi. Mu da bakinmu mun sha karanta wa mutane a masallaci abin da ke cikin Risala, cewa mai ciki in ta ji wa abin da ke cikinta tsoro ta sha ruwa, ta rama daga baya. Amma a gidanmu sai da ta yi kwana tara tana ɗauka, muna gani, muna jin daɗi a ranmu wai matar liman ba ta sha azumi. Ranar ta goma jiri ya kwashe ta a bakin murhu. Da muka tambaye ta dalilin da bai sa ta faɗa ba, sai ta ce, "Malam, ai ku ne ba ku ce in sha ba." Wallahi ba mu sami amsa ba.

Duk da haka washegarin Ƙaramar Sallah, ranar 31 ga Maris, muka kama hanyar Kano. Mun ce mata hutu ne, ta je ta ga Inna, mahaifiyarta, ta sha iskar gida. Abin da ba mu faɗa da ƙarfi ba shi ne muna bin mutane kuɗin huhunan goro a kasuwar Mariri, kuma bashin da ba a ga fuskar mai shi ba tsufa yake yi. Cikin yana wata biyar. Muka biya kuɗin mutum biyu a gaban Sharon don ta sake, muka ɗauka mun gama komai.

Wanda ya san hanyar ya san ta. Oyo, Ogbomosho, Ilori, sai gadar Jebba inda ake tsallake kogin Kwara, daga nan Mokwa. Direbobi a lokacin ba su cika son bi ta Birnin Gwari ba saboda 'yan bindiga, sai su karya ta Bida su ɓullo Suleja su hau titin Kaduna. Kusan kilomita dubu ne, kuma tsakanin Bida da Lambata ramuka da jerin tireloli sun isa su mayar da tafiyar awa biyu ta koma ta yini. Mun bi hanyar nan ba adadi, amma a matsayin namiji mai buta, wanda ko'ina aka tsaya ya zagaya bayan mota ya gama. Ba mu taɓa tunanin yadda mace mai ciki take yi ba, wadda fitsari ke matsa mata bini-bini, ga mota cike da maza, ga kunya. Sai bayan Mokwa muka lura gorar ruwan da muka saya mata tun Ilori tana nan yadda take. Ta daina sha ne don kada ta ce a tsaya. A cikin wannan zafin.

Daga nan muka koma limamin mota da ƙarfi da yaji. Duk inda muka hango gidan mai da alamar banɗaki sai mu ce, "Direba, lokacin salla." Wani fasinja har ya ce, "Malam, ba ƙasaru ake yi a tafiya ba? Naka sallolin ai ƙaruwa suke." Muka yi dariya muka bar shi a haka. A Suleja direba ya ce ba zai bi titin Kaduna da dare ba, kuma ba wanda ya yi masa musu. Muka kwana a tasha, ita a kan tabarmar wata mai tuwo da ta ji tausayinta. Da muka isa ƙauyen da la'asar ɗin kwana na biyu, takalmin da ta sa daga Ibadan ya ƙi shiga ƙafarta.

Ba za mu ɓoye ba, kwanakin nan sun yi daɗi. Mun ga matarmu ta koma yarinya a gaban uwarta, ana dama mata fura da nonon da aka tatso da safe, ana yi mata kwaɗon rama da dambu, ƙawayenta na ƙuruciya suna shigowa ana shewa. Dariyar da ta yi a mako ɗaya ba ta yi ta a shekara ba a Sabo, kuma wannan ma abin tunani ne gare mu. Mu kuwa muka shiga birni muka karɓo abin da ya samu a Mariri.

Daren kwana na shida ciwon kai ya tashe ta, tana cewa idonta yana ganin wasu taurari. Aka taso mai kemis na garin ya zo da na'urarsa, ya ce jininta ya hau. Muka tambayi inda za a sami likita a wannan dare. Aka ce sai an yi tafiyar fiye da awa guda, a kan babur, in an sami mai babur da zai yarda ya fita. Allah ya sa ciwon ya lafa kafin asuba. Amma mun zauna a ƙofar ɗakin nan muna jan carbi muna lissafin nisan hanyar, kuma lissafin bai fita daga kanmu ba har yau.

Ranar da za mu taho, kawunta ya kira mu zaure. Ya ce tunda haihuwar fari ce, al'ada ita ce goyon ciki, a bar ta a gaban uwarta har ta sauka ta yi wankan arba'in. Da sun so ma kada ta koma. Mutum ne da ya girme mu, a cikin zaurensa, ga dattawa a zaune. Bakinmu ya yi nauyi. Muka ce tana da katin awo a Ibadan, a bari ta ƙarasa wata biyu, da Babbar Sallah za mu dawo da ita da kanmu. Aka shafa fatiha a kan haka.

Bayan dawowa muka raka ta awo, karo na farko da muka shiga ciki maimakon mu tsaya a bakin get. Namiji ɗaya tilo a kan benci cikin mata kusan hamsin, da rawaninmu. Wata babbar nas, Bayarabiya, ta duba katin, ta duba ƙafar, ta ji labarin tafiyar, sannan ta juyo kanmu da Yarabanci, "Alfa, ku ne kuka kai ta Kano a mota?" Faɗan da ta yi mana tun rasuwar mahaifiyarmu ba wanda ya yi mana irinsa. Da ta huce sai ta zaunar da mu ta yi bayani. Ta ce in awon jinin mai ciki ya kai 140 bisa 90 abin lura ne. In aka ga ciwon kai mai tsanani, ko gani ya dushe, ko fuska da hannu sun kumbura, ko ciwo a saman ciki, kada a jira gari ya waye, domin su ne ke zuwa kafin jijjiga, wadda wasunmu ke cewa iska ce a tsaya ana hayaƙi. Aka rubuta magani, aka ce duk mako a dawo, kuma haihuwar nan a yi ta inda akwai jini da ɗakin tiyata. Doguwar tafiya kuwa ta ce mu manta da ita.

To ga alƙawari a zaure, ga maganar asibiti. Muka kai zancen majalisa a kaikaice, kamar na wani ne. Wani ya ce iyayenmu a ɗaka aka haife su, me ya same su? Muka ce waɗanda abin ya samu ai ba su nan balle su ba da labari. Wani ya ce rai a hannun Allah yake. Haka ne, amma shi mai faɗar ba ya ɗora goronsa a motar da ya san ba ta da birki. Wani dattijo kuma ya faɗi abin da ya fi damun mu: in ka hana 'yar mutane zuwa gida haihuwar fari, za a ce ɗan Kurmi ya raina surukansa, kuma gobe wani ɗan Sabo ya je neman aure a garin za a tuna masa. Wannan ba ƙarya ba ne. Mu mazauna nan da zumuncin nan muke riƙe da Arewa, in ya tsinke me ya rage?

Mako biyu muna juya maganar, mun tambayi kowa ban da mai cikin. Wata rana da dare muna ɗaura mata na'urar awon jinin da muka saya, sai muka ce, "Ke fa, me kike so?" Ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce, "Malam, Inna nake so. Hanyar ce ba na so, kuma daren nan ba na so ya sake samu na a can."

Sai ya zama maganar ta juya: a kawo Inna. Faɗarsa ke da sauƙi. Tsohuwar ba ta taɓa tsallake Kwara ba, kuma ina aka taɓa ganin uwar mata ta tare a gidan suruki? Mu ba za mu iya buɗe baki mu faɗa mata ba. Yayarmu ce ta ɗauki nauyin, ta yi ta kiran waya, ta ce Inna a ɗakinta za ta sauka, gida biyu tsakaninmu, ba a gidanmu ba. Kawu kuma muka kira shi da kanmu, muka ce mun yi alƙawarin da bai kamata mu yi ba, kunya ce ta sa, a yafe mana. Ya yi shiru har muka zaci layin ya yanke. Sannan ya ce, "Rai ya fi al'ada. Amma suna na uwarta za a sa in mace ce." Muka ce an gama.

Ana cikin shirin tahowarta sai ambaliyar Mokwa ta auku a ƙarshen watan Mayu, ta ci rayuka fiye da 150, da yawa a unguwar Hausawa, garin da muka tsaya muka ci abinci wata biyu kafin nan. Mun yi musu addu'a a masallaci. Wasu suka ce mana, kun ga Allah ya kiyaye ku da tafiyar. Ba mu so maganar ba, domin waɗanda suka rasu a cikin ɗakunansu ruwa ya same su. Abin da ya shafe mu kawai shi ne tafiyar Inna ta koma bayan Sallah.

Haka Babbar Sallah ta same mu a Sabo, ranar Juma'a 6 ga Yuni. Ƙaurin suya yana tayar mata da zuciya, don haka kaskon ya koma gidan yaya, babbar 'yarmu da ta zo hutu ta riƙe girki. Mu kuma aka bar mana ɗibar ruwa da shanya da lissafin ƙwayoyin magani. Yaran makarantar allo sun ga malaminsu da bokiti a hannu, sun yi ta leƙe kwana biyu, suka gaji suka daina. Tana salla a zaune yanzu, wannan karon mu muka fara cewa ta zauna. Rana ta uku muka tari Micra muka je lambun Agodi, tafiyar da ba ta kai minti ashirin ba. Shekara hamsin da 'yan kai muna wuce ƙofar wurin nan ba mu taɓa shiga ba. Muka shimfiɗa darduma a gindin bishiya, ta miƙe ƙafafunta, muka ci soyayyen nama muna kallon yara, ta shanye gora biyu na ruwa ba fargaba. Ta ce wannan ne hutun.

Inna ta iso kwana goma bayan Sallah tare da wani jikanta. Abin da ta fara cewa shi ne garin nan ruwa ba ya gajiya ne? Ta zo da kuka da daddawa da garin kunu da yajin jego, da kuma ƙullin kanwa mai girman kan yaro. Nan ne sabuwar magana ta taso, domin nas ɗin nan ta riga ta ja mana kunne: mai hawan jini ba ta shan kunun kanwa, kuma wankan tafasasshen ruwa safe da yamma yana wahalar da zuciya. Likitoci a Zariya sun daɗe da danganta waɗannan da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Wanka da ruwa mai ɗumi babu laifi. Inna ta ce ita 'ya'ya tara ta haifa da kanwar nan. Yaya ta ce a bari ranar awo su je tare, tsohuwa ta ji daga bakin tsohuwa, mu mu yi tafinta.

Yanzu muna cikin Muharram, watan haihuwar ya kusa kamawa. Jakar asibiti tana bakin ƙofa. Maƙwabcinmu mai Micra ya ce ba zai kashe wayarsa da dare ba, samari biyu daga masallaci sun je an gwada jininsu ko za a buƙata. Muna roƙon ku addu'a, Allah ya sauke ta lafiya, da sauran matanmu da ke cikin wannan hali. Ƙullin kanwar dai yana ɗakin yaya a ƙarƙashin gado, kuma ranar Talata ne awon.