Tsakanin Niyya da Ban Ruwa

Duk damina sai ka ga an jera 'yan itatuwa cikin baƙaƙen ledoji a bakin hanya, manya su zo su dasa, a ɗauki hoto, a watse. Kafin hunturu ya wuce, awaki da ƙishirwa sun gama da yawancinsu. Ba na jin akwai mai mugun nufi cikin masu dashen. Kowa na son inuwa, kowa na tsoron hamada. Sai dai niyya tana da wani daɗi nata: da zarar an ƙulla ta, sai zuciya ta miƙe ƙafa, tana jin ai an riga an yi aikin. Wannan yakan tuna mini manoman Maraɗi bayan farin 1984. Kututturan da suka saba sarewa lokacin sassabe suka bari, mutum ya zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi, ya datse sauran, baɗi ya dawo ya sake. Aiki ne da ba ya tara jama'a. Gatari yake nema, da haƙuri da surutun maƙwabta, waɗanda ke ganin gonar da ba a share tas ba ta raggo ce. A hankali gonakin Maraɗi da Damagaram suka cika da itatuwa, musamman gawo, mai zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, da rani kuma ya ciyar da dabbobi. Yau ana maganar kusan hekta miliyan 5 da suka farfaɗo a kudancin Nijar.