Farauta da Akwatin Rediyo

A ƙasar Hausa idan aka ambaci farauta, abin da yakan zo wa mai karatu a rai shi ne gora da karnuka da kiɗan gangi. To, akwai wata farauta wadda ko jinin zomo ba a zubarwa a cikinta. Masu yin ta su ne ma'abota rediyon sha'awa, watau mutanen da hukumar ƙasarsu ta ba lasin riƙe na'urar da take aika magana ta kuma karɓa, don nishaɗi da neman sani kawai. Kowannensu yana da lambar kira. Ta mutumin Nijeriya takan fara da 5N, ta mutumin Nijar kuwa da 5U.

Ga yadda abin yake. Mutum zai ɗauki na'urarsa da batir da doguwar waya, ya shiga gandun dajin da hukuma ta keɓe, ya rataya wayar a reshen itace, ya shiga kira a gajeren zango, galibi a kan mita 20 ko 40. Muryar takan hau sama, ta daki wani rufi na iska mai ɗauke da lantarki, ta komo ƙasa a wata nahiya. Masu amsa masa daga gidajensu su ake kira mafarauta, kuma wanda ya tara dazuzzuka masu yawa a littafinsa akan ba shi takardar yabo. Wata ƙungiya ta ƙasar Rasha ce ta fara shirin a 2008, aka sake masa tsari a 2012 da sunan WWFF. Sharaɗinsa shi ne wanda ya shiga dajin ya yi magana da tashoshi 44 kafin a lissafa masa. Wani shiri mai kama da shi, POTA, wanda ya tsiro a Amurka bayan 2016, tashoshi 10 kawai yake nema.

Wannan labari ya kai kunnen wani dattijo mai gyaran rediyo a Nahuce, ta ƙasar Bunguɗu, kuma bai ba shi mamaki ba ko kaɗan. Mutumin da ya tashi da Sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe a 1957, ya kuma ɓatar da kuɗin samartakarsa wajen sayen katin Zaɓi Sonka don ya ji an kira sunansa da na ƙauyensu daga Kaduna, ba ya bukatar a yi masa bayanin daɗin jin murya ta amsa daga nesa. Ɗaure waya a kan bedi don akwati ya ƙara kamawa kuwa tsohon aikinsa ne. Abu guda ya tsaya masa: wane daji zai shiga?

Tambayar tana da nauyi, domin daji ba ya yi wa Zamfara ƙaranci. Kudu da Bunguɗu, ta wajen Ɗansadau a ƙasar Maru, ga gandun dajin Kuyambana. Yana haɗe da na Kamuku a Birnin Gwari, wanda aka keɓe tun 1936, aka mai da shi gandun ƙasa a 1999. Irin waɗannan wurare su mafarautan Turai suke kwana suna jira, saboda tashar da ba a saba ji ba ta fi daraja a wurinsu. Da mutum zai yi kira daga Kuyambana, da sai ya rasa wanda zai fara amsa wa. Sai dai fiye da shekara goma ke nan 'yan bindiga suka mai da waɗannan dazuzzuka mafaka. Duk wanda aka gani a ciki da na'ura da eriya, su 'yan bindiga za su ce ɗan leƙen asirin soja ne, soja kuma ya ce mai kai wa ɓarayi rahoto ne. Oba-oba ma kaɗai ta isa ta jawo wa mai ita tambayar da ba ya iya amsawa.

Abin da ya fi ci wa dattijon rai shi ne abin da ya faru a watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a faɗin Jihar Zamfara don a datse hanyar sadarwar 'yan bindiga. Makonni aka yi uwa ba ta jin ɗanta da ke Kano, ɗan kasuwa ba ya jin farashin Gusau sai ya je da ƙafarsa. Tsofaffin akwatuna suka fito daga ƙarƙashin gado, aka yi ta kawo masa gyara. Amma akwati ji kawai yake yi, ba ya mayar da magana. Na'urar da take mayarwa, wadda ba ruwanta da turken kamfani, ita ce wadda a wasu ƙasashe ake wasa da ita a gindin itace ranar hutu, har a samu takardar yabo a rataya a bango. A Nahuce kuwa, a makonnin nan, mai son sanar da rasuwa sai ya tsaya bakin titi ya ba direba saƙo.