%artist% - %title%: layi ɗaya da ya gyara mana foldar waƙoƙi

1/ Duk mai folda cike da AUD-20220611-WA0014 da Track 07 da Unknown Artist, matso kusa. Akwai wani ɗan yare na layi ɗaya da ke sauya wa fayil dubu suna kafin ka gama shan shayi. Hutun nan na koye shi. Zaren da tsawo, a yi haƙuri.

2/ Fayil ɗin MP3 suna biyu gare shi. Akwai na waje, wanda kake gani a folda, shi WhatsApp ke gogewa ya liƙa nasa. Akwai na ciki, wato tag, inda ake rubuta mawaƙi, sunan waƙa, shekara. Na ciki yana tafiya da fayil duk inda ya je, muddin ba a sake juyar sautin ba.

3/ Manhajar da na yi aiki da ita Mp3tag ce, kyauta ce a Windows. Ka zaɓi fayiloli, ka shiga Tag - Filename, ka rubuta:
%artist% - %title%
Duk abin da ke tsakanin % biyu gurbi ne. Manhajar za ta ɗebo daga ciki ta cike. Sai ka ga: Mamman Shata - Bakandamiya.mp3

4/ Abin da ya fara da $ kuma aiki ne. $num(%track%,2) yana mayar da 1 ya zama 01. Kar ka raina sifirin nan fa. Shi ya sa rediyon mota ke tsallakawa daga waƙa ta 1 zuwa ta 10, ta 11, kafin ya tuna da ta 2.

5/ Wanda ya fi burge ni shi ne [ ]. In ka rubuta [%year% - ]%title%, shekara za ta fito ne kawai in akwai ta. In babu, ita da ɗan layinta su ɓace, ba a bar maka gurbi kamar wawulo ba. Alamar \ kuwa folda take ƙirƙira: %artist%\%title% zai kai kowane mawaƙi ɗakinsa.

6/ Ana komawa baya ma. In sunan waje ne mai kyau, Filename - Tag zai kwashe shi ya zuba ciki. %dummy% shi ne kwandon shara: duk guntun da ya faɗa kansa an zubar. Da shi na share lambobin waya da masu turi ke mannawa gaban sunan waƙa. Talla suke, na gane, amma sunan Ɗan Maraya ya fi cancanta da wurin.

7/ To ga inda Hausa ta shigo. Tsohon tsarin tag, ID3v1 na 1996, bayit 128 ne kacal a ƙarshen fayil, sunan waƙa ba ya wuce harafi 30. Bai san ƙ, ɗ, ɓ ba. ID3v2.3 ya sani, amma sai ka zaɓi UTF-16 a saiti. In ka bar shi a ISO-8859-1, Ɗanƙwairo zai koma ?an?wairo.

8/ Wani tarko: alamar ' aiki gare ta a yaren nan, tana nufin "bar abin da ke ciki yadda yake". In za ka buga 'Yan da hannunka a cikin layin, sai ka ninka ta, ''Yan. Wanda ya tsara abin Bajamushe ne, bai yi lissafin 'yan uwa da 'ya'ya ba.

9/ Duk wannan kwana biyu ya ɗauke ni. Mai wuyar shi ne wanda $ ba ya iyawa. Foldar ta kawuna ce, Shata, Ɗan Maraya, Barmani Coge, da yawa daga kaset aka juyo su. Ciki fanko, waje fanko. Layin ba ya ƙirƙirar suna, abin da ka sani kawai yake kwasa daga nan zuwa can.

10/ Saboda haka sai zama. In kunna, Kawu ya ji daƙiƙa biyar na kalangu ya ce waƙar wane ce, an yi wa wane, in buga. Wani lokaci ya yi shiru ya ce, "Sake kunnawa." Wannan shirun yana ba ni tsoro wallahi. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya a 2015, waɗanda suka ji su da kunnensu kuma ba ƙaruwa suke ba.

11/ Bakandamiya kaɗai ɗauka huɗu muka samu a foldar, kowace da tsawonta. Ban cusa musu shekara ba. %year% fanko ya fi shekarar ƙarya, tunda duk wanda na tura wa zai ɗauka gaskiya ce ya tura gaba. Abin da Kawu ya tuna, ko a kaset ya fara ji ko a rediyo, na zuba a %comment%.

12/ Kafin ka danna OK, duba samfurin da manhajar ke nunawa a ƙasan layin, kuma ka gwada a kwafin folda tukun. In za ka tura wa wani ta WhatsApp, tura a matsayin Document, sunan zai isa lafiya.

13/ Saura 43 da ko Kawu bai gane ba, suna foldar da na kira Ba a sani ba. Yawanci kukuma ce da kotso. Mai kunnen tsofaffin waƙoƙi, ko mai kaka a gida, ya yi min magana in turo guntaye.