Sanarwar da Ba Ta Yi Sallama Ba

A wani shagon taki da iri a garin Kaya, cikin ƙaramar hukumar Maradun, akwai matashin da ke riƙe da lissafi. Bayan ya kammala karatun kwamfuta a Talata Mafara, ya rubuta wa shagon 'yar manhaja a kan Windows domin ta maye gurbin littafin bashi. Da yawa daga cikin abokan cinikinsu manoman rani ne masu amfani da ruwan madatsar Bakolori, waɗanda kan ɗauki taki bashi su biya bayan girbin shinkafa.

Wata rana da yamma, yana gyara lissafin wani manomi, hannunsa ya kuskure ya danna umarnin gogewa. Manhajar ta fito da akwatin tambaya: a goge ko a fasa? Kafin ya amsa, sai wata sanarwa da shi kansa ya tsara ta faɗo a tsakiyar allo, tana cewa taki ya kusa ƙarewa a sito. Ya danna Enter don ya kore ta. Ashe sanarwar ta rufe tambayar ce ga ido kawai, madannai kuwa suna hannun akwatin da ke ƙarƙashinta. Shaidar biyan buhu shida ta tafi ke nan, bai ankara ba.

Da manomin ya dawo, kwamfuta ta nuna ana bin sa kuɗin da ya riga ya biya. Mai shago ya dubi matashin ya ce, "Ɗana, wa zan gaskata, shi ko na'urarka?" Sai da ya kwana yana bin kwafin rasit kafin ya amsa, "Alhaji, shi ne mai gaskiya. Laifin nawa ne."

Abin da ya gano ya shafi kowace manhajar kwamfuta. Akwai akwatin tambaya mai tsare hanya, wanda muddin yana buɗe babbar taga ba ta karɓar komai sai an amsa shi. A Windows, tsarin yakan kashe tagar da ta haifi akwatin na ɗan lokaci. Sanarwar da ta fito a wannan hali ko dai ta rufe tambayar, ko ta ƙwace madannai, ko ta maƙale a baya inda ba a iya taɓa ta, har mutum ya zaci manhajar ta daskare. Jef Raskin, wanda ya fara aikin Macintosh a kamfanin Apple, ya yi dogon bayani kan irin wannan kuskure a littafinsa na 2000: mutum na zaton na'ura na cikin wani hali, alhali tana cikin wani.

Maganin shi ne manhaja ta duba kafin ta yi magana. A Windows ana tambayar tsarin ko babbar tagar na karɓar umarni. Idan a kashe take, to akwai yiwuwar wani akwati na jiran amsa. Masu aiki da Qt suna da umarni guda da ke nuna akwatin da ke tsare hanya, a Java kuwa ana bin jerin tagogin manhajar a ga ko akwai irinsa a bayyane. Dubawar tilas ta zo daidai lokacin fitar da sanarwa, domin akwati na iya buɗewa cikin ƙiftawar ido. Microsoft ma ta bi wannan tunani a 2018, da ta sa wa Windows 10 tsarin Focus Assist mai riƙe sanarwa sa'ad da mutum ke gabatar da jawabi a allo.

Matashin ya yi gyara uku. Sanarwa kan shiga layi har a rufe akwatin. Ta gaggawa, kamar ƙarewar caji, tana fitowa a gefen allo ba tare da taɓa madannai ba. Sannan Enter a akwatin gogewa ya koma nufin a fasa.

A Kaya, wanda ya iso zaure ya tarar maigida na tsakiyar magana da baƙo yakan yi sallama ya dakata, komai muhimmancin saƙonsa. Ladabin da manhajar ta rasa ke nan, har ya kusa jawo wa manomi biyan buhu shida sau biyu.